Ku kai ta gida, sai addu'a

A barandar wani asibiti a Yamai aka gaya mana, a tsaye. Likitan na riƙe da takardun gwaji a hannu ɗaya, wayarsa na ta ƙara a aljihu. Ya dubi yayana tunda shi ne babba, ya ce, "Alhaji, abin ya bazu. Ku kai ta gida, sai addu'a." Ya rubuta mana takardar magani mai layi biyu, parasetamol da maganin ƙarin jini, ya wuce, domin mutane sun cika benci suna jiransa. Har yau ban riƙe shi a zuciya ba. Bai yi mana ƙarya ba, kuma iyakar abin da aka ba shi ya yi aiki da shi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga wannan baranda har ranar da muka kai Inna makwancinta, kwana 47, babu wani mai farar riga da ya sake taka inda take.

Washegari bayan sallar asuba muka kamo hanyar Tawa. Wanda ya saba bin hanyar ya san abin da nake nufi: fiye da kilomita 500, a wuce Doso, a wuce Dogon Dutsi, a kai Ƙonni, sannan a karya arewa. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji yatsun Inna sun nutse a cinyata. Ba ta yi kuka ba. Macen Adar ce ta dā, irin waɗanda ke haihuwa a ɗaki ba a ji muryarsu a tsakar gida ba. Kansar mama ce ta ci har ta kai ƙashin baya, amma in direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, ɗana."

Wannan "da sauƙi" ta daɗe tana damuna. Kalmar ladabi ce da tawakkali, ni ma ita nake faɗa, kuma ba na son ranar da za mu daina faɗarta. Sai dai ta zame mana labule. Majinyaci ya ce da sauƙi, mai jinya ta ce da sauƙi, mai dubiya ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ajiye lemo da 'yan kuɗi a gefen tabarma ya fita, kowa ya sauke nauyinsa. Babu mai tambaya: ta yi barci jiya? Ina ne ke mata zafi? Yaushe rabonta da zagayawa? Waɗannan tambayoyi kunya ta hana mu yin su, su kuwa su ne jinyar.

Bazara ce, zafin nan na watan Afrilu da ke haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Ƙanwata ce ta tare a ɗakin Inna. Ta bar mijinta da yaranta huɗu a Garkawa, ta shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon. Da rana Inna na daurewa saboda mutane. Da dare ya raba, daga wajen ƙarfe biyu, sai a fara jin wani nishi can ƙasa-ƙasa, kamar na mai ɗauke da kaya a hawan tudu. Ni ina kwance a zaure ina jin sa, ina kuma yi kamar ban ji ba, domin ban san abin da zan yi ba in na shiga. Ƙanwata na fifita, tana tofa duk addu'ar da ta sani, tana shafa mata ruwan rubutu. Parasetamol ɗin kuwa kamar a zuba cokalin ruwa a rairayin Abalak.

A mako na biyu wani ɗan maƙwabcinmu, ɗan kabu-kabu, ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, in kawo mata tramol?" Na yi masa tsawa. Bayan kwana uku ni da kaina na je na same shi. Ya kawo shi a ƙunshe a takarda, daga wajen wani mai tebur, ba mu san ƙarfinsa ba, ba mu san daga ina ya fito ba. Ya sa ta amai da jiri, ya ɗan rage zafin na 'yan sa'o'i, daga baya ma ya daina yin komai. Ina faɗar wannan da kunya, amma na san ba ni kaɗai ba ne. A garin da yaro ɗan shekara 15 zai iya sayen ƙwaya a bakin tasha ba tare da an tambaye shi komai ba, tsohuwar da kansa ke cin ƙashinta ba ta da hanyar samun maganin da likitocin duniya suka yarda shi ne na irin ciwonta.

Sai kuma warin gyambon. Ban taɓa jin an yi maganarsa a bainar jama'a ba, amma duk gidan da aka yi jinyar kansar mama da ta fashe sun san shi. Masu dubiya da suke shiga har bakin gado suka koma tsayawa a ƙofa, daga baya suka koma gaisuwa daga tsakar gida. Muna ta turaren wuta har hayaƙi na sa ta tari. Inna ta lura. Wata rana ta ce wa ƙanwata, "Ki bar kawo mini jikokina, kada su tuna ni haka." Sai bayan rasuwarta da watanni wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya yi ritaya ya gaya mini cewa ma'aikatan jinya na daka ƙwayar Flagyl, wadda babu kantin maganin da ba a samunta, su barbaɗa a kan irin wannan gyambo bayan an wanke shi, warin ya ragu sosai cikin 'yan kwanaki. Maganin da bai kai kuɗin turaren da muka ƙona ba. Na zauna na yi shiru, har ya fara ba ni haƙuri.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, kafin a idar da wanka, an kafa rumfa a ƙofar gida, kujeru sun iso, titi ya toshe. 'Yan uwanmu na Abijan da na Libiya, waɗanda suka tafi bida shekara da shekaru, suka turo kuɗi ta waya cikin awa guda. Aka sauke buhunan shinkafa. Mutane suka zo daga Keita, daga Buza, daga Illela, wasu ma ban taɓa ganinsu ba. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Na gode wa kowa, kuma har gobe ina alfahari da yadda mutanenmu ke tsayawa a kan mamaci. Amma ina zaune a kan tabarmar makoki ina amsa "ya haƙuri", idona na kan ƙanwata da ta rame ta yi baƙi, ina lissafi a zuci: da kashi ɗaya cikin goma na wannan taro da wannan kuɗi ya zo kwana arba'in kafin yau, da Inna ta yi barci.

Abin da nake son faɗa ke nan. Mun iya makoki, mun ƙware a kansa, amma makonnin da ke kafin rasuwa mun bar wa mace ɗaya, a ɗaki ɗaya, hannu wofi. Asibiti ya sallame ka domin ba ya iya warkar da kai, dangi kuma suna jiran ranar da aikinsu zai fara. Tsakanin nan akwai wani fili da babu mai shi, kuma kusan kowannenmu sai ya ratsa ta cikinsa.

A wasu ƙasashe wannan fili yana da masu shi, fanni ne guda na aikin likita, wato jinyar rage wa mai ciwon ajali wahala. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ta fara aiki a matsayin ma'aikaciyar jinya, daga baya ta koma makaranta ta zama likita saboda abin da ta gani a gadajen masu ciwon ajali. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan. Abu biyu ta tsaya a kai. Na farko, kada a jira sai ciwo ya taso majinyaci ya roƙa sannan a ba shi magani, a riƙa ba shi a kan lokaci, kafin zafin ya dawo. Na biyu, ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai tunanin yaran da zai bari, akwai bashin da ke kansa, akwai tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma iyalinsa ma majinyata ne. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito da tsarin matakan maganin ciwo a 1986, daga mai sauƙi irin parasetamol har zuwa mai ƙarfi irin morfin, sannan a 2014 babban taron hukumar ya amince cewa wannan jinya ɓangare ce ta tsarin lafiyar kowace ƙasa. Duk da haka, ƙididdigar hukumar ta nuna mutum kusan miliyan 56.8 ne ke buƙatarta kowace shekara, kuma kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a fada, majalisar hirarmu ta unguwa: "Mu ba Turawa ba ne da za mu kwashi iyayenmu mu kai su gidan jiran mutuwa." Wallahi na yarda. Da an ce mini in kai Inna wani gini in baro ta ga baƙi, da na ƙi, ita ma da ta tsine mini. Tun muna Yamai take cewa, "Ku maida ni ɗakina." Mutumin nan namu yana son ya cika a kan shimfiɗarsa, yana jin kiran sallar masallacin da ya saba, a karanta masa Yasin da muryar da ya sani. Wannan ba abin gyara ba ne. Ni ba gini nake nema ba, ƙafa nake nema: ma'aikacin jinya da zai hau babur ya zo gida sau biyu a mako da jakarsa, ya duba gyambo, ya daidaita magani, ya nuna wa mai jinya yadda ake juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada bayansa ya ɓaɓɓake, ya bar lambar wayar da za a kira ƙarfe biyun dare a ɗauka.

Kuma ba sai mun leƙa Landan ba. A Zimbabuwe an kafa Island Hospice tun 1979. Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne Yuganda, inda wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta fara Hospice Africa a Kampala a 1993. Ba ta fara da gadaje ba, gida-gida suke bi. Garin morfin suke sayowa su jiƙa shi da ruwa da sinadarin hana lalacewa, su zuba a kwalabe, a sa masa launi don a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi, majinyaci ya sha ta baki duk bayan awa huɗu. Ba allura, ba firji. Da suka ga likitoci ba za su taɓa isa ƙauyuka ba, gwamnatin ƙasar ta gyara doka a 2004, ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta morfin, kuma majinyaci ba ya biyan kuɗinsa. Yuganda ba ƙasar masu kuɗi ba ce. Shawara suka yanke.

Da an ambaci morfin sai fuskoki su canza, kuma ina ganin dalilin. Mun ga abin da tramol ya yi wa samarinmu, mun ga yadda maƙwabciyarmu Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan ya lalata yara da matan aure. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu duba inda ɓarnar ta shigo. Tramol ɗin da ke tashoshinmu ba daga hannun majo ya fito ba, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa kwali-kwali. Mun ƙulle ƙofar da masu ciwo za su bi, ta 'yan fasa-ƙwauri kuwa tana buɗe. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi, wadda ake kafa hujja da ita wajen tsaurarawa, ita kanta ta ce dole a tanadi waɗannan magunguna don rage wahalar marasa lafiya. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa a duniya. Mu muna cikin wannan rabin. Maganin da aka fitar daga tsiro fiye da shekara 200 da suka wuce, wanda ba shi da tsada, ya zama kamar zinariya a wurin talaka. A ajiye shi a akwati mai makulli, a rubuta kowane cokali a rajista, a horar da mai rubutawa, a hukunta wanda ya karkatar da shi. Haka ake yi wa kuɗin baitulmali, ba a ce don akwai ɓarayi a daina biyan albashi ba.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini ciwo kaffara ne, kada mu rage wa tsohuwa ladanta. Ban yi masa musu a gabansa ba, amma na kwana ina juya maganar. Lallai ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce a bar ƙayar a ƙafa don lada ya ƙaru ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a nemi magani. A ciwonsa na ƙarshe a ɗakin Nana A'isha aka yi jinyarsa, da ƙwaryar ruwa a gefensa yana tsoma hannu yana shafa fuska, ita kuma ta tausasa masa asuwaki da bakinta. Kafin nan, bayan yaƙin Khandaƙ, a tantin Rufaida da ke masallaci aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu don a riƙa duba shi daga kusa. Jinyar mai ciwon ajali tamu ce tun asali. Kuma ga abin da na gani da idona: an umarce mu mu laƙƙana wa mai barin duniya kalmar shahada, amma wanda azaba ta gigita ba ya jin mai laƙƙanawar. A daren da zafin ya fi tsanani Inna ko sallah ba ta iya haɗawa, tana farawa tana mantawa, abin da ya fi ciwon kansa sa ta hawaye. Rage mata zafi da ya ba ta damar yin ibadarta a natse. Wannan kuma daban yake da allurar kashe majinyaci da ake muhawara a kanta a Turai, wadda addininmu ya haramta. Jinyar da nake magana ba ta gaggauta ajali, ba ta kuma ja da shi.

Akwai inda laifin namu ne mu iyali, ba na gwamnati ba. Mun ɓoye wa Inna. Yayana ya tara mu ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya mata abin da likita ya ce, kada ta karaya. Muka ce mata an canza magani ne, za a koma Yamai bayan Sallah. Kwana talatin muna wannan wasa. Wata la'asar ina gyara mata matashi sai ta kama hannuna ta ce, "Zamna nan." Na zauna. Ta ce, "Kuna tsammani ban sani ba? Ni da ke cikin jikin?" Na buɗe baki zan ce da sauƙi, ta ɗaga mini yatsa. Ta sa na ɗauko takarda. Akwai zubin adashi biyu da ba ta yi ba. Akwai tiya uku ta gero da ta ranta wurin wata maƙwabciya tun damina. 'Yan kunnenta na zinariya na autarmu ne, kada a sa su a rabo sai an tambayi malam. Sannan ta ce a kira mata abokiyar zamanta, wadda suka yi shekara goma sha ba sa ga-maciji tun rasuwar Baba. Tsohuwar ta zo washegari da sandarta. Aka fitar da mu, aka saki labule. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, amma da ta fito mayafinta a jiƙe yake, kuma daga ranar kullum sai ta aiko da kunu.

Da mun ci nasarar ɓoyewar da muka shirya, da duk wannan bai faru ba. Da ta tafi da bashin gero a wuyanta da gaba a zuciyarta, mu kuma muna ganin mun yi mata gata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba cewa nake a tsaya a kan majinyaci a yanke masa kwanaki ba, wannan sanin na Allah ne, kuma likitan da ya ce "saura wata biyu" ya shiga hurumin da ba nasa ba. Amma tsakanin yanke kwanaki da yin ƙarya akwai magana mai taushi da ake iya yi, a tambayi mutum me ya fahimta, me yake son sani, me yake son a yi masa. Koyon wannan magana ake yi, kamar yadda ake koyon ɗinkin rauni. Ya kamata a koya wa ɗalibanmu na likitanci da na makarantun jinya, a kuma koya wa limamai, domin su ake fara kira.

Wannan ɓoye-ɓoye yana da tsada ta kuɗi ma. Na san gidan da suka sayar da gona da shanu biyu suka kai mahaifinsu ƙasar waje bayan likitocin nan sun gaya musu gaskiya, don kada a ce ba su yi ƙoƙari ba. Can ya cika, a hannun mutanen da ba ya jin harshensu, aka dawo wa marayu da bashi. Tsoron bakin mutane ne ya kai su, ba fatan warkewa ba. Da akwai wanda zai zaunar da su ya ce, "Ga abin da za mu iya yi masa a gida, kuma ba gazawa ba ce," da wataƙila gonar na nan.

Masu cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, mata ke mutuwa wurin haihuwa, ba ta da rarar kuɗin kashewa a kan wanda zai mutu ko ta yaya, hujjarsu tana da nauyi, ba na raina ta. An kuma yi abubuwan a yaba: tun 2006 ake duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar ƙona cutar kansa da haske, abin da a da sai an fita waje. Amma na'ura tana amfanar wanda ya zo da wuri, mutanenmu kuwa sai abu ya ci ya cinye suke isa, bayan an gama da mai magani da mai tofi. Kuma ba kansa kaɗai ba ce. Akwai mai shanyewar ɓarin jiki da ya shekara uku a kwance, akwai mai ciwon hanta da cikinsa ya kumbura, akwai mai ciwon ƙoda da ba zai iya zaman Yamai don wankin jini ba. Abin da suke buƙata shi ne mafi araha a duk harkar lafiya: babur, mai, auduga, safar hannu, kwalbar magani, da mutum mai horo. Muna da gidajen likita na CSI a unguwanni da ƙauyuka, muna da 'yan sa-kai da ke bi gida-gida lokacin rigakafi da rabon maganin zazzaɓin damina. Hanyar a shimfiɗe take, kaya ne ba a ɗora mata ba. A fara da ƙungiya ɗaya a babban asibitin jihar Tawa, mutum uku ko huɗu, a ga abin da shekara za ta nuna.

Sauran aikin ba ya jiran minista. A jihar Kerala ta Indiya, maƙwabta ne 'yan sa-kai ke ɗauke da mafi yawan wannan jinya, ma'aikatan lafiya na tallafa musu. Mu da muke da fada a kowace kusurwa, samari na dafa shayi har ƙarfe ɗayan dare, da ƙungiyoyin mata na adashi da na biki, da kwamitin kowane masallaci, me ya hana mu? Yadda ake da masu wankan gawa da masu haƙar kabari da kowa ya sani a unguwa, haka ya kamata a san masu karɓar mai jinya. Mace biyu su kwana yau don 'yar gidan ta yi barci. Wani ya ɗauki nauyin ruwa da ƙanƙara, wani wankin zannuwa. Zumunta a ƙafa take, in ji mutanen dā, ba su ce a rumfar makoki take ba.

Mu maza kuma sai mun ji kunya kaɗan. Ni na kwana a zaure ina jin nishin uwata, na bar wa ƙanwata, ina fakewa da cewa jinyar mace sai mace. Gaskiya ne akwai abin da ba zan iya yi mata ba. Amma fifita ba ta da jinsi, haka ɗaga ta a gyara shimfiɗa, haka zama kusa da ita a riƙe hannu daga biyu zuwa asuba. Sai a makon ƙarshe na fara shiga da dare, kuma a nan na gane ba ta son a yi ta tilasta mata abinci kamar yadda muke yi, mu ga ta ci mu ji daɗi. Abin da take so a jiƙa tsumma mai tsabta a goga mata a leɓe, a ɗaga labule iska ta shigo. Ƙanwata ta yi wata shida bayan rasuwar ba ta barcin kirki, tana firgita ƙarfe biyu daidai. Duk masu ta'aziyya sun ce mata Allah ya ba da lada. Babu wanda ya koma bayan arba'in ya tambaye ta yaya take.

Makon jiya aka dawo da wani maƙwabcinmu daga Yamai, tsohon direban babbar mota, da irin takardar da aka ba mu mai layi biyu. Ƙanwata ta ji labari ta taso daga Garkawa ba wanda ya kira ta. Ta nuna wa matarsa yadda ake naɗe zane a sa tsakanin gwiwoyi, da yadda mutum biyu ke juya shi ba tare da an ja hannunsa ba. Na je na ɗauko tsohon majon nan a kan babur, ya wanke gyambon bayan, ya zauna da 'ya'yan ya yi musu magana a zaure kusan awa guda. Samarin fadarmu sun raba dare, daren Laraba ne nawa. Maganin zafin ne har yanzu babu. Majo ya rubuta wa wani likita da ya sani wasiƙa, mun ba direban motar safe ya kai Yamai, yau kwana huɗu muna jiran amsa.